Kafin Ka Ce Wa Ɗanka Ya Ajiye Kwas Ɗin Muhalli Ya Sake Zana JAMB

Yau maganar karatun ƙannenmu ce ta kawo ni, kuma ina roƙon duk wanda yake da ɗa ko ƙane da ke neman gurbin jami'a ya daure ya karanta har ƙarshe.

Makon jiya bayan sallar isha'i wani dattijo a unguwarmu ya same ni a ƙofar gida, ɗansa na biye da shi riƙe da takarda a cikin leda. Mutum ne da ya san ni tun ina yawo ba wando, shi ya sa da ya ce min "Shugaba" sai kunya ta kama ni. Na ce, "Haba Baba, ai ni ɗanka ne." Ya ce, "To ɗana, alfarma na zo nema. Yaron nan likitanci ya nema, sau biyu ke nan yana zana JAMB. Yanzu sun tura shi wani kwas wai shi kula da muhalli. Ka yi wa Allah ka kai mu wajen Onarabul a canza masa. In ba za ta yiwu ba, ya haƙura ya sake zanawa baɗi. Ni ban sayar da tumakina don ɗana ya zama ɗan kwasar bola ba."

Kun san halinmu 'yan siyasa. Abu mafi sauƙi shi ne in ce "to Baba, za a duba", in karɓi fotokwafi in jefa a aljihun mota, shi ke nan an rabu lafiya. Amma na dubi yaron na ga ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi, alhali gurbin jami'a ya samu, abin da dubban sa'anninsa ke nema ido rufe. Sai na shimfiɗa tabarma na ce su zauna. Abin da na faɗa musu shi zan maimaita a nan, don na san gidaje da yawa suna cikin irin wannan hali a wannan lokaci.

Da farko na gaya wa Baba gaskiya game da likitanci. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya horarwa, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Masu nema dubbai ne, kujerun kuma ƙalilan. Yaro zai iya cin maki mai kyau ya rasa, ya sake ya rasa, har shekara uku ko huɗu ta tafi yana zaune a majalisa. Na san waɗanda haka ta faru da su, daga ƙarshe ba likitancin, ba kwas ɗin da suka raina.

Daga nan na ba shi labarin Zamfara. A shekarar 2010 ƙananan yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro zai fara amai, ya riƙa sanƙarewa, kafin a ankara ya cika. Likitocin ƙungiyar MSF suka shigo, aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida ana daka su ana niƙa su, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara masu rarrafe su sa hannu a ƙasa su kai baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Ga inda nake so a lura. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, kuma likitocin suna da shi. Amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya kwanta a kan ƙasar da ta sa masa gubar. Dole sai an auna ƙasar kowane gida da na'ura, an kankare ta sama mai guba, an kai ta ramin da aka tanada an binne, an zubo sabuwa. A garin Bagega sai da yara suka jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin aikin share garin, sannan aka fara ba su magani. Likita yana nan da maganinsa a hannu, yana jiran masanin muhalli ya gama nasa. Kuma waɗanda suka jagoranci aikin aunawa da sharewar, wani kamfanin injiniyoyin muhalli ne daga Amurka, tare da ma'aikatan jiha da suka horar. Na ce, "Baba, da a ce kowace ƙaramar hukuma a yankin tana da yaro ɗaya irin naka da ya san ƙurar dutse tana kisa, kuma ana jin maganarsa, kaburbura nawa ne da ba a haƙa ba?" Ya yi shiru.

Mu duba sauran abin da ke cin mu a Arewa. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. Ranar 29 ga Mayu 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa da sassafe, sama da mutum 150 suka rasu. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce ambaliya ta ci sama da rai 600 a faɗin ƙasa, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A kwarin Haɗeja zuwa Nguru, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ruwa ya cinye masa gona, wani kuma yana neman na ban ruwa bai samu ba, ga tsuntsayen jan-baki da ke samun mafaka a cikin kacalar suna cinye shinkafa da gero. A Yusufari ta jihar Yobe tudun rairayi ne ke matsowa kan gonaki da gidaje. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai, masunta da makiyaya da manoma suka watsu neman abinci. A cikin Kano kuwa, ruwan da ke fitowa daga yankunan masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da na kwatocin gari, yana gangarawa rafuka irin su Jakara da Getsi, kuma a bakin waɗannan rafuka ake noman wani ɓangare na latas da alayyahon da muke ci. Jimar fata ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, in ba a tace ruwan ba yana bin ƙasa da shuka. Kududdufan da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan sama an cike su an yi shaguna, sannan in damina ta zo mu ce ƙaddara.

Mun yi imani da ƙaddara, amma kowace ɗaya daga cikin waɗannan masifu tana da sababi, kuma akwai ilimin da ake koyarwa a jami'a don gane sababin da toshe shi. Shi ne kwas ɗin da Baba yake kira kwasar bola.

To me ake koya a ciki? A nan akwai ruɗanin da ya kamata iyaye su gane. A jami'o'inmu da yawa, tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli ta ƙunshi zanen gine-gine da tsara birane da safiyo da ƙididdigar kayan gini da kula da filaye da gidaje. Shi kuwa kwas ɗin kula da muhalli kansa, wanda ake yi a wurare irin su BUK da Jami'ar Tarayya ta Dutse da ATBU Bauchi da Jami'ar Jihar Kaduna, ya fi karkata ga kimiyyar ƙasa da ruwa da iska. Ɗalibi zai yi kemistiri da bayoloji da labarin ƙasa da lissafin ƙididdiga. Zai koyi ɗibar samfurin ruwan rijiya ko na rafi ya gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje, ya faɗi abin da ke ciki. Zai koyi yadda guba ke shiga jikin mutum da dabba da shuka. Zai koyi zana taswira da kwamfuta da karanta hoton tauraron ɗan'adam, abin da suke kira GIS, wanda da shi ake gane unguwar da ruwa zai ci kafin ya zo. Zai koyi dokokin muhalli da yadda ake tantance illar da babban aiki zai yi wa jama'a kafin a fara shi. Karatun shekara huɗu ne, a wasu jami'o'in biyar. Akwai kuma 'yan uwansa na kusa: gandun daji da namun daji, ilimin duwatsu da albarkatun ƙasa, injiniyancin ruwa da muhalli, da lafiyar muhalli, wato aikin duba-gari da iyayenmu suka sani tun zamanin En'e, wanda yanzu yake da digiri da majalisar da ke yi wa masu yin sa rajista.

Sai Baba ya yi tambayar da kowane uba zai yi: "In ya gama, wa zai ɗauke shi aiki?"

A ɓangaren gwamnati akwai Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da aka kafa a 1999, da hukumar NESREA ta 2007 mai tilasta bin dokokin muhalli, da NOSDRA ta 2006 mai sa ido kan malalar mai, da hukumar Babbar Katangar Itatuwa da dokarta ta fito a 2015, wadda aikinta ya shafi jihohi 11 na bakin hamada: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Akwai NiMet mai hasashen yanayi, da NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara, da NEMA da takwarorinta na jihohi, da hukumomin raya koguna, da hukumomin kwashe shara. A 2021 aka sa hannu a kan dokar sauyin yanayi. A Disambar wannan shekarar Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 na shirin ACReSAL, don gyaran ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya, don haka ya kamata a ce namu ne ke riƙe da aikin ƙwarewar da ke cikinsa.

A ɓangaren masu zaman kansu, tun 1992 doka mai lamba 86 ta wajabta cewa kafin a yi babban aiki, ko madatsar ruwa ko babbar hanya ko masana'anta ko ma'adinai, sai an yi rahoton tantance illarsa ga muhalli, wato EIA. Kamfanonin kwansaltan ne ke rubuta wannan rahoto, ana biyan su kuɗi masu kauri. Ku bincika ku gani, sau nawa za a zo aiki a ƙauyenku ku ga masu ɗibar samfurin ƙasa da ruwa sun taso daga Legas ko Fatakwal ko Abuja, ɗan gari kuma aikinsa tafinta da riƙe musu jaka? Ban ga laifinsu ba, su suka karanta. Kamfanonin siminti da na taki da na gine-gine da na mai duk suna ɗaukar jami'an kiyaye lafiya da muhalli. Ƙungiyoyin agaji da ke aikin ruwa da tsafta a Borno da Yobe da Zamfara kullum suna neman wanda ya iya aikin kuma yake jin Hausa ko Kanuri ko Fulfulde. Su kuma ƙannenmu mata, suna da damar da namiji ba shi da ita, domin mace ce ke iya shiga cikin gida ta ga randar ruwa da murhu da inda yara ke wasa.

Ga kuma wanda zai tsaya da ƙafarsa. Kasuwar robobi da ƙarafa da 'yan gwangwan ke juyawa ta miliyoyi ce, kuma mafi yawan masu yin ta ba su shiga aji ba. Ina ga wanda ya san nau'in roba, ya san yadda ake wanke ta a markaɗa ta ba tare da an gurɓata unguwa ba? Akwai renon itatuwan dashe, akwai gawayin ɓuntun shinkafa a madadin sare daji, akwai sarrafa shara ta zama taki, abin da manoman kewayen Kano suka daɗe suna yi da jakuna da mangala, akwai binciken ƙasa kafin a haƙa burtsatse don kada mutum ya zuba kuɗinsa a busasshen rami.

Na san abin da wasunku za su ce: "Shugaba, kana ta lissafo hukumomi, ga masu digirin nan suna tuƙa adaidaita sahu, wasu suna zaune a shagon POS." Gaskiya ne, ba zan musa ba. Ni kaina na san su. Hukumomin nan ba kullum suke ɗaukar ma'aikata ba, in sun tashi ɗauka kuma kowa ya san yadda ake yi. Duk wanda ya ce maka digirin muhalli tikitin aiki ne ya yaudare ka. Amma ku faɗa min kwas ɗin da yake tikitin aiki a yau, in ka cire 'yan kaɗan na fannin lafiya. Abin da na lura da shi shi ne, a cikin waɗanda suka yi wannan karatu, masu zaman banza galibi su ne waɗanda suka shiga da fushi, suka yi shekara huɗu suna haddar handawut suna jiran a sallame su. Wanda ya fito ya iya taswira da kwamfuta, ya iya aikin ɗakin gwaji, ya iya rubuta rahoto da Turanci mai kyau, da wuya ka gan shi a majalisa da hantsi.

Wani ɓangare na laifin kuma namu ne, mu 'yan siyasa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun mayar da ma'aikatun muhalli wurin sallamar yara. In an ci zaɓe, a tura sunaye a ba su tsintsiya da riga mai ƙyalli, kujerun da ke buƙatar masani kuma a ba wanda ya fi kusa da mai gida. Ni ma na taɓa kai irin wannan jerin sunaye, Allah Ya yafe mana. Kuma ba zan manta da wata shekara da muka shirya gangamin dashen itatuwa ba. Muka yi riguna da huluna, muka kira masu hoto, muka dasa ɗaruruwa a bakin titi a ƙarshen watan Satumba. Wani yaro da ya karanta gandun daji ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, damina ta ƙare, saiwar ba za ta kama ba. Ga shi ba ku kewaye su ba, kuma ba ku ɗora wa kowa alhakin ban ruwa ba." Na ce masa ya bari a gama taro tukuna. Kafin wata guda awaki da rana sun gama da su. Kuɗin rigunan kaɗai ya isa a biya yaron nan albashin wata da watanni ya raya mana rabinsu.

Ku kwatanta da maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka koma barin tohon kututturen gawo da sauran itatuwa a gona, suna rage rassan suna barin masu ƙarfi su tashi, maimakon su sassabe komai. Da wannan dabara mai arha aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Ba taron hoto, ba riga da hula. Sanin ƙasa ne da sanin itace, da mutanen da suka zauna da manoma suka fahimtar da juna.

Don haka ga shawarata ga ƙannena da aka ba wannan kwas. Ka tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin a jami'ar da za ka. Ka karɓa da zuciya ɗaya, kada ka shiga da niyyar canzawa a aji biyu. Tun daga aji ɗaya ka nemi kwamfuta ko ta hannu ce, ka sauke QGIS da Google Earth, kyauta ne, ka fara da zana taswirar unguwarku da kwatocinta. Lokacin SIWES kada ka nemi ofishin da za a sa maka hannu kana gida, ka nemi ɗakin gwajin ruwa ko masana'anta ko kamfanin kwansaltan, ko da ba za su ba ka ko sisi ba. Aikin binciken kammalawa ka yi shi a kan matsalar garinku, da hannunka, kada ka saya. In hali ya yi bayan bautar ƙasa ka ƙara da takardar ƙwarewa a kan kiyaye lafiya a wurin aiki, irin ta NEBOSH. Masu difloma irina kuma ƙofa a buɗe take, ana shiga aji biyu kai tsaye ta hanyar DE in diflomar ta dace da kwas ɗin. Ni da zan dawo da shekaru goma baya, da na bi ta nan.

Ga shugabanninmu kuma, waɗanda muka sha rana muka tara wa ƙuri'a, buƙatunmu ba su da yawa. Kujerar da ke buƙatar masanin muhalli a ba masanin muhalli, ko ɗan wane ɓangare ne. Kuɗin asusun kula da muhalli da ake warewa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, a riƙa faɗa wa jama'a nawa ya shigo da inda aka kashe shi. In za a ba da tallafin karatu, kada a tsaya kan likitanci da injiniyanci kaɗai, a sa masu karatun ruwa da ƙasa da daji. Mu kuma shugabannin matasa, doka ta ce a baje rahoton EIA na kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi ƙorafi. Mu nawa ne muka taɓa zuwa muka buɗe ko shafi ɗaya? In ba mu iya karantawa ba, ga ƙannenmu da suka karanta, mu tafi da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya samu wanda ya iya hawa rufi.

Da na gama, Baba ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya juya ya dubi ɗansa ya ce, "Kai me ka gani?" Ina jin ranar ce ta farko da aka tambayi yaron. Ya ce, "Baba, ni dama ina so in tafi. Tsoron ɓacin ranka ne ya hana ni faɗa." Baba ya ce, "To, ba dai na so ba, amma Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Shekaranjiya yaron ya je ya biya kuɗin rajista. Har yanzu in muka haɗu a masallaci Baba yakan ce min, "Ɗana, in ya gama bai samu aiki ba, ƙofar gidanka zan kawo shi." Na ce na yarda, kuma na rubuta a nan ne don ku zama shaida.

Allah Ya yi wa karatun ƙannenmu albarka, Ya kare garuruwanmu daga ambaliya da fari, Ya ba shugabanninmu ikon sauraron masu ilimi. Amin.